Waɗanda Tabarya Ya Kayar

Tun ranar da Dillali ya zo da maganar damben nan, Kawu bai sake sa loma a baki ya ji daɗinta ba.

Kawu mai horar da 'yan damben zamani ne, a wani dogon ɗaki da ke saman shagon masu gyaran firji. Kowa Kawu yake ce masa, har waɗanda suka girme shi, amma mutum ɗaya ne ke da gaskiyar kiransa haka, wato Zirnaƙo, ɗan ƙanwarsa. Kawun ne ya fara ɗaura wa yaron safar dambe. A hannunsa yaron ya ci kambu a ajin nauyinsa, ya ƙara jiki ya hau aji na gaba, ya ci na can ma. To yanzu Dillali, mutumin da ke haɗa wasanni, so yake ya sake hawa, ya je ya kara da Tabarya. Shi kuwa Tabarya aji uku ya ci wa kambu, ya zauna daram a kan na ukun ya hana kowa. Sa hannu kawai ya rage, kuma Dillali ya ce kafin mako ya fita yake son amsa.

Zirnaƙo dai ya riga ya amsa a zuciyarsa. Kawu yake jira ya ce to.

Da yamma, bayan an gama dukan buhu kowa ya zube a benci yana tsiyayar gumi, sai Rediyo ya buɗe tasha. Rediyo tsohon ɗan dambe ne da bai taɓa cin komai ba sai duka, amma duk wani wasa da aka yi a duniya yana cikin kansa, wanda ba ya kansa kuma yana cikin wayarsa.

"Ku bar ni da ƙirga kambu," in ji shi. "Kambu ko a kasuwa ana sayarwa. Ni abin da nake tambaya shi ne, wa ka doke? Namu ya doke Kunama. Kunama fa! Ya doke Tsohon Soja, mutumin da ya yi shekara da shekaru bayansa bai taɓa ƙasa ba. To shi Tabarya wa ya doke a ajin nan? Wani direban tirela. Wani mai gadin asibiti. Sai wani mai walda, wanda a turmi na biyu ya kwanta kamar an zare masa laka. Buhunan ƙaiƙayi ake jera masa yana daka, ku kuna tafi."

Aka fashe da dariya. Zirnaƙo yana kwance hannayensa daga bandeji, ya ɗaga kai ya dubi Kawu.

"Kawu, ka ji dai?"

"Na ji. Rediyo ai ko ba batir yana magana."

"To ƙarya ya yi?"

Kawu shi ma ya kalli wasannin nan a waya har idonsa ya yi ja, kuma abin da Rediyo ya gani shi ya gani. Mutanen da Tabarya ya kayar duk nauyin jiki gare su, suna tafiya kamar masu ɗauke da ruwa a kai. In a suna ne, Kunama kaɗai ya fi su a haɗe. Amma akwai abu ɗaya da ya tsaya wa Kawu a rai. Duk wanda Zirnaƙo ya doke, kafin kumburin fuskarsa ya saɓe ya fara kururuwa a sake, alƙalai sun cuce shi, ƙafarsa ce ta zame. Waɗanda Tabarya ya doke kuwa, shiru kake ji. Ba wanda ya taɓa neman a sake. Ba ma wanda ya sake dambe.

A hanyarsa ta gida ya biya ta wajen ƙanwarsa, uwar Zirnaƙo. Tana kan keken ɗinki, bakinta cike da allurai, tarkacen yadi ya rufe mata ƙafa. Ta zare alluran ɗaya bayan ɗaya ta soke a hannun rigarta.

"Yaya, ni ban san aji ba, ban san kambu ba. In ka ce ya je, sai ya je. Amma ka dube ni ka faɗa."

Kawu ya dubi keken. Ya dubi fankar da ke juyawa tana kuka. Ya ce, "Wannan fankar tana son mai."

"Ba fanka na tambaye ka ba."

"Ki ba ni gobe."

Wanda ya koya wa Kawu dambe yana da wata ɗabi'a. In za a haɗa yaronsa da wani, ba ya ɓata lokaci wajen kallon gwanin, sai ya tashi takanas ya je ya ga wanda gwanin ya doke. Kawu ya daɗe da barin wannan, tunda waya ta zo komai yana tafin hannu. Amma washegari da hantsi ya sa takalmi, ya yi ta tambaya daga bakin wannan zuwa na wancan, har aka kwatanta masa layin masu walda a bayan tashar manyan motoci.

Layin ƙara ce kawai da warin ƙarfe mai ƙuna. Ƙofofin gida da tagogi an jingine su a bango, tartsatsi na tashi ta ko'ina. Ya tambayi wani mai fenti ina mai waldan da ya taɓa dambe, aka nuna masa da haɓa.

Mutumin ya ba shi baya, yana ɗaga wata ƙofar ƙarfe shi kaɗai zai juya ta. Kawu ya tsaya cak. Wuyan nan kamar kututture. Kafaɗun sun cika ƙofar shagon. Da ya juyo ya miƙo hannu, hannun Kawu ya ɓace a ciki har agogo.

A waya kowa tsawon yatsa ne. A waya, kusa da Tabarya, mutumin nan ya yi kama da kowa, don shi ma Tabaryan haka yake.

"Ai na san ka," in ji Mai Walda, yana ture tabarau zuwa goshi. "Kai ne kocin ɗan ƙaramin nan mai sauri. Zauna, babba. Kujerar ba ta da kyau amma ba ta kayarwa."

Kawu ya zauna. Bai iya kwana-kwana ba, ya tafi kai tsaye.

"Kai yaya aka yi ka shiga ajin nan? Ai ka fi ƙarfinsa."

Mai Walda ya yi dariya. "Yadda kowa ke yi mana. Ni daga sama na sauko. Sai in bar abinci, in bar ruwa, in sa rigar leda in yi ta gudu, in riƙe kwalba ina tofa yawu a ciki har harshena ya zama kamar takalmi. In hau sikeli ina ganin mutane biyu-biyu. Da an ce na wuce, sai ci da sha. Washegari in shiga fage na koma girmana. Direban nan ma haka. Mai gadin ma haka, shi har ya fi ni."

"Tabarya fa?"

"Shi ma sai ya bushe yake shiga. Ranar sikeli na gan shi na ce wannan zan karya shi. Ranar wasa na ɗaga kai na ce, wa ya canza mini mutum?"

Kawu ya san wannan duka, sana'arsa ce. Abin da bai yi ba shi ne ya ɗora shi a kan nasa yaron. Zirnaƙo, ko a aji na biyun ma, sai an ɗura masa ruwa da abinci yake kai nauyi. Kunama da ake ta yi wa kirari daga ƙasa ya hau, kamar shi. Tsohon Soja ma ƙaramin mutum ne, shekaru ne suka ƙara masa tumbi. Gwanaye ne, ba a musu, amma duk cikinsu babu wanda ya kai wuyan mutumin nan. Ashe yaronsa bai taɓa shan naushin babban mutum ba tunda yake.

"Me ya sa ba ka nemi a sake ba?"

Mai Walda ya ɗauki wani guntun ƙarfe yana juyawa. "Babba, na sha duka a rayuwata. Duka yana da zafi, ka ji haushi, ka ce gobe zan rama. Nasa ba zafi. Na tuna an buga ƙararrawa, sai na tuna ina zaune a mota matata tana kuka, ina tambayarta yaushe za a fara. To me zan rama? Abin da ban gani ba?"

Kawu ya san in ya koma ya kwashe wannan ya faɗa wa Zirnaƙo, dariya zai yi, ya ce matsoraci ne ya ba tsoho tsoro. Yaron ba ya jin magana da kunne.

"Ina son ka zo ka motsa jiki da yarona. Turmi uku kawai, da hular kariya, da manyan safa."

"Ni? Dubi cikina. Rabona da gudu tun kafin a yaye autana."

"Haka nake so."

Mai Walda ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya ce, "Tabarya za ku ba shi?"

"Shi ake so a ba shi."

"To zan zo."

Tun daga nan har ranar, Kawu bai samu sukuni ba. Hankalinsa ya rabu biyu, kowanne ɓangare da nasa tsoron. In mutumin nan ya sami yaron da kyau, zai iya karya masa haƙarƙari ko muƙamuƙi, shi da kansa ya jawo, da wane ido zai kalli ƙanwarsa? In kuma yaron ya yi wasa da shi kamar kyanwa da ɓera, shi ke nan, ko sarƙa aka sa ba ta riƙe shi, da hannunsa ya tura shi bakin Tabarya.

Ranar da la'asar ɗakin ya cika, don Rediyo ya yaɗa. Har Dillali ya zo, da farar rigarsa da ƙamshin turarensa, ya tsaya kusa da taga inda iska take. Da Mai Walda ya hawo matakala yana haki, Rediyo ya tare shi.

"A'a, sannu da zuwa, mai barcin turmi na biyu! Mun shimfiɗa maka tabarma, ko katifa ka fi so?"

"Wadda ka saba kwanciya a kai ta ishe ni," in ji Mai Walda, aka kwashe da dariya har Rediyon.

Hular kariya mafi girma da ke ɗakin da ƙyar ta shige wa Mai Walda. Kawu ya ɗaure wa Zirnaƙo tasa, ya ja maɗaurin har sau biyu, ya sa masa robar baki.

"Kada ka tsaya gabansa."

"Kawu, ka matse mini kai da yawa."

"Na ce kada ka tsaya gabansa."

Ya buga ƙararrawa.

Turmin farko abin kallo ne. Zirnaƙo ya shiga ya fita, ya zagaya hagu ya dawo dama, hannunsa na sauka tas, tas, tas, kafin mutumin ya ɗaga nasa ya bar wurin. Ɗakin ya ɗauki ihu. Can Zirnaƙo ya sami hanya ya sakar masa daman nan tasa, wadda ta zaunar da Kunama a kan igiya, ta sauka a haɓa sosai, har Kawu ya ji ƙarar a haƙoransa. Mai Walda ya ƙifta ido. Ya sake takowa gaba.

Kawu ya ga yaron ya ɗan dakata, kamar mutumin da ya tura ƙofa ya ji ashe bango ne.

A turmi na biyu Mai Walda ya gaji. Bakinsa a buɗe, ƙirjinsa na hawa da sauka kamar zugazugi, naushinsa duk iska yake duka. Rediyo na ta ihu a kawo filo. Zirnaƙo ya ji daɗin ihun, ya tsaya ya jera masa uku a ciki. Tsayawar nan ce. Mai Walda ya jefo dama, ba ma da wani sauri ba, kuma yaron ya gan ta, ya ɗaga hannu biyu ya tare yadda aka koya masa. A kan safa ta sauka. Amma ta kwashe shi da safar da komai ta kai shi igiya. Kafin ya dawo daidai, hagu ta biyo ta ƙasa ta shige ƙarƙashin gwiwar hannunsa.

Bai faɗi ba. Ya rungume mutumin, ya kwantar da kai a kafaɗarsa yana murmushi ta cikin roba, har yana ɗaga wa 'yan kallo gira. Su fuskarsa suke kallo. Kawu ƙafafunsa yake kallo, ya ga ta dama ta miƙe ta sandare, yatsun suna neman ƙasa. Ya kuma ga Mai Walda ya sa hannu a bayansa ya tallafe shi, kamar mai riƙe da ƙofar da ba a gama ɗaurewa ba.

Kawu ya buga ƙararrawa, lokaci bai cika ba. Ba wanda ya lura.

"Ni na ƙoshi," in ji Mai Walda, ya tofar da roba. "Numfashi ya ƙare. Yaron nan iska ne, ba a kama shi."

Ɗakin ya kaure da ihu. Rediyo ya hau benci. "Me na ce muku? Me na ce muku? Wannan shi ne irin abincin Tabarya! Turmi biyu ya nemi ruwa!"

Dillali ya matso yana murmushi, ya dafa kafaɗar Kawu. "Ranka ya daɗe, ai ka gama mana talla. Takardar tana mota. In ɗauko?"

Abin da Kawu ya ji tsoro shi ya faru, kuma da hannunsa. Ya waiga neman Zirnaƙo, ya ga ya ɗaga igiya ya fita yana ɗaga wa mutane hannu ɗaya, ya shige ɗan ɗakin canza kaya ya turo ƙofa.

"Jira ni," in ji Kawu.

Ya same shi zaune a kan bokitin da aka kife, har yanzu da hula da safa. Murmushin ya tafi. Yana jan numfashi kaɗan-kaɗan ta baki, kamar mai shan abu mai zafi.

"Cire mini, Kawu. Hannun ya ƙi ɗaguwa."

Kawu ya durƙusa ya kwance igiyar safar. Ya ɗaga masa riga ya bi haƙarƙarin da yatsa, ɗaya bayan ɗaya, yana kallon fuskarsa. Bai karye ba. Ya yi hamdala a ciki.

Ta bayan ƙofa ana jin Rediyo yana ba da labarin abin da kowa ya gani.

"Wannan shi ne wanda ya kwanta a turmi na biyu?"

"Shi ne."

"Kuma ba ya atisaye."

"Walda yake yi."

"Na tare fa, Kawu. Ka gani, na tare."

"Na gani."

Zirnaƙo ya kalli hannunsa na dama, ya dunƙule ya buɗe. "Na ba shi wadda na ba Kunama. Duka na ba shi, ban rage ba."

"Na ji ƙararta."

"A cikin waɗanda Tabarya ya kayar, shi ne babba?"

"Mai gadin ya fi shi."

Yaron ya sunkuyar da kai. Gumi na ɗiga daga haɓarsa zuwa siminti. Kawu ya tsaya a kansa, ya kama bakinsa da ƙyar. Ya san jinin gidansu. Kalma ɗaya ta rarrashi, yaron zai tashi ya sa hannu don kawai kada a ce ya ji tsoro.

"Da ka faɗa mini da baki," in ji Zirnaƙo.

"Da ka ji?"

"Da ban ji ba. Amma ka tara mini mutane."

"Rediyo ya tara. Kuma su ba su ga komai ba."

"Shi ya gani. Riƙe ni ya yi kamar jariri." Ya ɗago, idonsa ya kaɗa ya yi ja. "Wannan ba zan manta maka ba, Kawu."

"Kada ka manta."

Zirnaƙo ya dafa bango ya miƙe. Ya ɗauki tawul ya rataya a kafaɗar hagu don ya rufe yadda ta karkace, ya buɗe ƙofa. Kawu ya bi shi a baya, bai san me zai fito daga bakinsa ba.

Dillali ya riga ya ɗauko takardar, har ya cire murfin biro.

"Zakara! Ga wuri nan, ƙasa daga dama."

"Mayar da ita mota," in ji Zirnaƙo. "Bana ba zan hau ba."

Rediyo ya sauko daga benci a hankali.

"Wasa kake yi," in ji Dillali. "Yanzun nan ka gama wasa da mutum a gaban kowa. Ka san mutum nawa ke bina don wannan damar? In na fita da ita wani zan ba, kuma ba na dawowa."

"Ba shi."

"Za a ce ka ji tsoro."

"Wanda ya ce, ya hawo nan ya faɗa."

Dillali ya dubi Kawu. Kawu ya ɗaga kafaɗa. Mutumin ya mayar da murfin biro, ya sauka ba sallama. Mutane suka fara zamewa ɗaya-ɗaya, kowa yana neman jakarsa ba ya kallon kowa. Mai Walda na zaune a gefe yana fama da igiyar takalmi. Zirnaƙo ya tsaya a gabansa.

"Malam, ranar da ba ka da aiki da yawa, ka riƙa zuwa."

"In cikina ya yarda."

"Zai yarda. Ka zo da mai gadin ma, in kana da lambarsa."

Ya juya ya nufi matakala. A bakin ƙofa ya tsaya, bai waigo ba.

"Bana na ce, Kawu. Ban ce baɗi ba."

Ya fara sauka, hannunsa na dama a kan ƙarfen matakala, yana taka kowace a hankali. Kawu ya kashe fanka, ya ja ƙofa, ya bi shi a baya yana kallon ƙafafunsa har suka kai ƙasa.